Keken Tseren da Ya Sa Na Fasa Aure

Ƙahonsa na fara hangowa. Yana jingine jikin wata darbejiya a bakin kasuwar Bici, cikin kayan gwanjo, tsakanin wata tsohuwar fanka da tulin takalma. Duk keken da na taɓa gani ƙahonsa a miƙe yake, shi kuwa wannan nasa ya lanƙwasa ƙasa kamar na ragon layya. Shuɗi ne mai duhu, tayoyinsa sirara, sirdinsa bai kai tafin hannuna faɗi ba. Na tsaya ina kallonsa har mai kayan ya tambaye ni ko na san shi ne a wani wuri. Ya ce keken tsere ne, irin wanda Turawa ke gasa da shi, in na hau sai dai iska ta biyo ni a baya.

Edita, a lokacin ni saurayi ne, sabon malamin firamare, ban daɗe da fitowa daga kwaleji ba. Abin da ya fi cika mini kai shi ne littattafan soyayya da nake karɓa haya a wajen wani mai tebur. Ina gama ɗaya na mayar na karɓo wani, har na fi sanin mutanen cikinsu a kan maƙwabtanmu. A waɗannan littattafai saurayi a mota yake zuwa zance, ya sauke gilashi a hankali, ƙamshin turarensa ya riga shi fita. Ni kuwa abin hawana tsohon baƙin keken marigayi Babanmu ne, wanda kariyarsa ta sha buhun taki har ta karkace. Shi ya sa da na ga wancan shuɗin keke na ce a raina ga tawa motar. Shekarun nan ne da fetur ya zama gwal, motocin haya suna kwana a layin gidan mai, albashi kuma sai a yi wata da watanni ana jira. Kowa ya koma keke da jaki, to ni sai na ga gara na koma da ado. Na sayar da keken Baba, na haɗa da ɗan ragon da nake kiwo, na sayi shuɗin na turo shi gida. Inna ta zagaya shi ta duba, ta tambaye ni ina za a ɗaura niƙa. Da na ce ba na ɗaukar kaya ba ne, ta ce to Allah ya sa ya iya ɗaukar mai shi.

Akwai yarinyar da nake nema a wani ƙauye gaba da Bagwai. A bikin wata 'yar'uwarmu na gan ta, kuma tun ranar ban sake ganin wata da idon da na gan ta ba. Mahaifinta malami ne mai tsanani. Ya sa doka cewa a gidansa ba a zance sai tsakanin la'asar da magariba, a zaure, ana ɗaga kiran salla kowa ya kama gabansa. Ni kuma saboda halin da ake ciki ina koyar da 'ya'yan wani ɗan kasuwa bayan an tashi daga makaranta, ba na samun kaina sai an yi la'asar. Ina sallamewa nake hawa. Tafiyar da nisa, iskar yamma kuma kullum a fuskata take. Nan na gano amfanin lanƙwasasshen ƙahon nan: in na kama can ƙasa na kwantar da ƙirjina, sai na ji ina ratsa iskar kamar kibiya. Haka nake tafiya tun daga bakin kwalta har na sauka hanyar burji, ba na ɗagowa, don duk ɗagowar da na yi daga lokacin hirarmu ake cirewa.

Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin kwanakin nan. Masu noma a bakin hanya sukan dafa fartanya su bi ni da kallo. Kakarta, wadda ke kirana mijinta cikin wasa, ita ta laƙaba mini Malam mai ruku'u. Takan ce ita ta fasa aurena, ba za ta iya da mijin da ke ruku'u tun daga Bici bai kai sujada ba. Wata rana ta shafa sirdin ta ce wannan ko kaza aka ba ta ta yi kwanci a kai sai ta kai ƙara wajen mai unguwa. Muka yi ta dariya. Ita kuwa yarinyar sai ta rufe baki da mayafi, ta ce wa kakar kishi ne kawai ke damunta. Ta taɓa gaya mini cewa tun daga nesa take gane ni, in ta hango wani abu shuɗi yana keta gonakin dawa sai ta ji gabanta ya faɗi. Wannan magana ta fi mini duk abin da na taɓa karantawa daɗi.

Abin da ban sani ba shi ne, keken na dogon mutum ne, ni kuwa matsakaici ne. Kafin na kamo ƙahon sai na miƙe iya miƙewa, sai na riƙa zamewa gaba zuwa kan hancin sirdin. Don na daina zamewa na sa aka ɗaga hancin sama aka ɗaure tamau. Ga kuma sirdin can sama, ƙafata da ƙyar take kai feda, ƙuguna yana rangaji hagu da dama. Sannan da yake zance zan je, shadda mai sitaci nake sawa, ɗinkin hantsar wandon yana nan daidai inda nauyina yake. Da farko zafi ne da saɓar fata, sai 'yan maruru. Na ce sabo ne, zan saba. Na yanko soso daga tsohuwar katifa na naɗa wa sirdin, kamar yadda kowa ke yi wa kekensa a garinmu, amma sai abin ya ƙaru. Daga nan zafin ya ɗauke, wani abu da ya fi zafi muni ya maye gurbinsa. In na sauka sai na ji gabana ya sage, kamar ba a jikina yake ba. Da fari kafin mu gama gaisawa ya saki. Daga baya ya zama sai na koma gida, daga baya har washegari. Rannan na lura cewa abin da kowane lafiyayyen namiji ke gani a jikinsa in ya farka, ni na daɗe ban gan shi ba.

A daidai wannan lokaci aka kai gaisuwa, manya suka zauna, aka sa rana bayan kaka. Baffana, ƙanin Babanmu wanda shi ne waliyyina, ya dawo yana ta yabon mutanen, ya ce mun dace da gidan mutunci. Inna ta fara tara 'yan kayan lefe a cikin adaka, turmi ɗaya yau, ɗankwali gobe, cikin wannan tsadar. Kowa yana murna, ni kuwa ina lissafin abin da zai faru bayan an kai amarya an watse. Na san yadda irin wannan magana take ƙarewa. Amarya ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan gwaggonta ta tambaye ta, sannan maganar ta isa zaure, daga nan wataƙila gaban alƙali, kuma sai gari ya ɗauka. Na taɓa ganin wanda aka yi wa haka, har wajen mai shayi ya daina zuwa.

Wa zan gaya wa? Inna? Ko a mafarki ba zan iya buɗe baki ba. Baffa kuwa ko ido ba na haɗawa da shi. Abokaina in na faɗa wa ɗaya na faɗa wa majalisa. Asibitin da ke kusa da mu, wanda ke yankar kati ɗan ajinmu ne, mai ba da magani kuma surukin shugaban makarantarmu. Sai na koma ga masu maganin kasuwa, waɗanda ke ɗora lasifika a kan mota suna faɗin abin da kowa ke jin kunyar faɗa. Amma a Bici an san ni, don haka ranar kasuwar Ɗambatta sai na hau keken nan, na kwanta a kansa, na tafi can inda ba mai gane ni. Na tsaya nesa ina yi kamar ina taya albasa, har mutane suka ragu. Mai maganin bai bari na gama ba ya ce ya gane, basir ne ya haɗu da sanyin mara, ya kira ni ango, ya ce in na sha wannan sai na dawo da tukuici. Na sha jiƙo, na sha gari a kunu, na sha wani mai ɗaci da ya hana ni zaman aji. Duk sati ina hanya, in je in karɓo wani, in dawo a sage fiye da yadda na tafi. Yanzu in na tuna nakan rasa dariya zan yi ko kuka: ciwon ne yake kai ni neman maganinsa, ya kuma dawo da ni. Ko sau ɗaya ban zargi keken ba. Na zargi sanyi, na zargi maƙiya, na zargi zunubaina. Keken kuwa kullum sai na goge shi da tsumma na shigar da shi ɗaki.

Zuwa zance ya zama mini azaba. Ina zaune a kan tabarma tana ba ni labarin tukwanen da aka saya mata da yadda take so a shafe ɗakinta, ni kuwa ina jin kamar rabin jikina na wani ne. Ta lura na rame. Ta tambaye ni ko rashin albashi ne, ta ce in shi ne kada na damu, ita ta iya saƙar hula, kuma garin kwaki ma in da kwanciyar hankali abinci ne. Ta ce ko wani abu ta yi mini. Na ce babu. Kakar ta leƙo ta ce wa jikarta ta bar mata mijinta, tun ba a kai ta ba ta fara tsotse shi. Na yi dariyar dole. Sau da yawa na shirya maganar a hanya, na jera ta tsaf, amma da na ga fuskarta sai ladan ya riga ni.

A nan ne littattafan nan suka ƙarasa ni. A cikinsu masoyin gaskiya shi ne mai sadaukarwa, wanda zai ɓoye ciwonsa ya janye jiki don masoyiyarsa ta ji daɗi, ya tafi yana hawaye ba wanda ya sani. Na ɗauki kaina na sa a wannan gurbi, har ina jin wani irin daɗi mai ɗaci. Na ce ba zan cuce ta ba, ba zan ɗaure ta da mutumin da ba shi da amfani ba. Ana saura kaɗan a fara yankan gero na je na durƙusa gaban Baffa na ce na fasa. Ya ɗauka wasa nake. Da ya ga da gaske ne ya tambaye ni dalili, na ce zuciyata ce kawai ta sauya. Ya ce zuciya ba riga ba ce. Ya tambaya ko na ga wani abu ne a wajen yarinyar, ko na ji wata magana, ya ce in faɗa masa shi ubana ne, in akwai gyara a gyara. Na sunkuyar da kai na yi shiru. Wannan shirun shi ne mafi munin abin da na aikata a rayuwata, domin Baffa ya ɗauke shi a matsayin amsa. Ya ce shi ke nan, ya gane, Allah ya rufa asiri. Shi ya je ya kwance maganar, ya dawo bai ci abinci ba. Inna ta rufe adakar ta tura ƙarƙashin gado, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata sai da ka.

Ni ina can ina ganin kaina jarumi, ban san abin da na bari a bayana ba. A ƙauye in saurayi ya janye bayan an sa rana, kuma bai faɗi dalili ba, mutane ne za su samo masa dalili, kuma ba a kansa za su ɗora ba. Aka ce ai malamin makaranta ne mai hankali, ruwa ba ya tsami banza. Wasu suka ce ciwo gare ta da ake ɓoyewa, wasu suka faɗi abin da ba zan iya maimaitawa ba. Samarin da da suke jiran na kauce suka ɗauke ƙafa. Mahaifinta ya hana ta fita ko biki. Duk wannan ƙanwata ce ta riƙa jiyo mini, tana faɗa tana kallona, ko zan ce wani abu. Ban ce ba.

Tun da babu inda zan je da yamma, keken ya zauna a ɗaki, makaranta kuma da ƙafa nake zuwa. Sannu a hankali jikina ya fara dawowa, har wata safiya na farka na tarar lafiyata ƙalau. Na ce maganin Ɗambatta ne ya yi aiki a makare. Na yi tunanin komawa, amma tsoro ya hana ni, don ban san abin da ya kawo ciwon ba balle na san ba zai dawo ba. Ana haka aka yi mini canjin makaranta zuwa wani ƙauye mai nisa, na sake fito da keken. Ba a daɗe ba sagewar ta dawo yadda take. A wannan karon, da yake babu auren da nake tsoron rasawa, na tara kuɗin mota na shiga Kano na ga likita. Ya yi mini gwaje-gwaje ya ce ba suga, ba wani ciwo. Sannan ya tambaye ni aikina, da yadda nake zuwa wajen aikin. Da na kwatanta masa keken da irin zaman da nake yi, ya ajiye biro. Ya ce ɗan'adam ƙasusuwa biyu gare shi na zama, su aka halitta su ɗauki nauyi. Wanda ya kwanta gaba a kan siririn sirdi mai ɗagaggen hanci ya ɗauke nauyin daga kansu ya mayar kan tsoka mai laushi da ke tsakanin cinyoyi, inda jijiyoyi da hanyoyin jinin gaba suke bi. Soson da na naɗa kuwa, ya ce, cusa kansa yake yi daidai wurin da bai kamata a danna ba. Ya ce in huta, in sauke sirdin daidai tsawon ƙafata, in kwantar da hancinsa, in matso da ƙahon kusa in ɗaga shi, in nemi sirdi mai faɗi, kuma in riƙa miƙewa a kan feda lokaci-lokaci. In keken ya fi ƙarfina in rabu da shi. Na fito na zauna a kan wani dakali a bakin asibitin, mutane suna wucewa. Abin da sifana ɗaya za ta gyara, shi na ba da aurena a kansa.

Ko a lokacin ƙofa ba ta gama rufewa ba, don ba ta yi aure ba. Na shirya na je wajen Baffa da niyyar na faɗa masa komai, ya je ya wanke ta, ko da ba za a ba ni ita ba. Na same shi yana gyaran mangala a ƙofar gida. Na gaishe shi, na zauna. Ya tambaye ni makaranta, na ce lafiya. Ya tambaya ko da magana, na ce dama na zo ne na ji ko an samu taki. Muka yi hirar taki har aka kira azahar. Na sake komawa wani lokaci, muka yi hirar rufin ɗakin Inna. Daga nan ban ƙara gwadawa ba.

Abin da nake so 'yan'uwana maza su ɗauka daga labarina ba mai yawa ba ne. Yanzu da tsadar mai ta sake mayar da mutane kan keke, ina ganin samari a hanyar Bici a kwance kan irin wancan keke, sai na ji kamar na tare su. In ka sauka ka ji gabanka ya sage, wannan ba sabo ba ne, jikinka ne yake maka magana. Keke kamar takalmi yake, sai an auna shi da mai shi, kuma ba kowane mai kyau ne naka ba. A gyara zama, in bai saki ba a ga likita, domin akwai cututtukan da ke zuwa da irin wannan alama. Kada a tsaya ga mai lasifika. Abu na biyu ya fi wannan girma. Kunya ado ce, amma kunyar da za ka ji wani ya biya ba kunya ba ce, son kai ne. Na kira abin da na yi sadaukarwa, alhali mutuncina na tsare na bar nata a titi. In za ka fasa auren 'yar mutane, ka faɗi dalilinka ko da ga mutum ɗaya ne, kada ka bar gari ya cike maka gurbi.

Ni daga baya na yi aure, Allah ya ba ni zuri'a. Ita kuwa ta daɗe a gida, har ƙannenta biyu suka riga ta. A ƙarshe wani mai sayar da hatsi daga wajen Ɗambatta, wanda matarsa ta rasu, ya aure ta, kuma ina jin labarin yana riƙe da ita da mutunci. Tana koyar da matan aure karatu a cikin gidanta, ana ganin girmanta a unguwar. Bara ƙanwata ta haɗu da ita a wajen wata ta'aziyya. Ta ce matar ta karɓe ta hannu bibbiyu, ta tambayi jikin Inna, ta yi wa Baffa addu'a da ta ji ya rasu. Da za su rabu ta ja ƙanwar tawa gefe, ta ce ta daɗe da yafe komai, kuma ba don wani abu take tambaya ba. Babbar 'yarta ce ta isa, har an fara sallama da ita. Ta ce don Allah ƙanwata ta tambayar mata yayanta abin da ta yi masa a wancan lokaci, ko magana ce, ko wani hali ne da ita ba ta gani, don ta ja wa yarinyar kunne kada ita ma ta yi.

Ƙanwata ta kawo mini saƙon. Na ce ta gaya mata ba ta yi komai ba. Ta ce ai tun a wurin ta faɗa mata haka, sai matar ta yi murmushi ta ce kowa haka yake ce mata, amma ita ta san mutum ba ya fasa aure haka kawai. Maganar kuma ba wadda namiji zai aika wa matar wani ba ce. Tana can da 'yarta budurwa a gabanta, tana ta bincikar kanta, tana neman laifin da ba ta taɓa yi ba.